Sharhi: The Social Network, fim ɗin da ya dace masu shirin haɗa jari su kalla

The Social Network ya fito a 2010. David Fincher ne ya ba da umarni, Aaron Sorkin ya rubuta labarin, kuma fim ɗin ya ci lambar Oscar guda 3. Labarin kafuwar Facebook ne a jami'ar Harvard a 2004. Wanda ya zauna kallo don ya ga yadda ake haɗa manhaja zai sha mamaki, domin kaso mai yawa na fim ɗin a gaban lauyoyi ake yin sa, abokan jiya suna ba da shaida a kan juna.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Eduardo Saverin, abokin Mark Zuckerberg da suka kafa Facebook tare. A fim ɗin shi ya fara zuba kuɗi, dala 1,000, daga baya ya ƙara 18,000. Da mai zuba jari Peter Thiel ya shigo da dala 500,000, aka sake tsara kamfanin, aka miƙo wa Saverin takardu, ya sa hannu bai nemi lauyan kansa ya duba ba. A zatonsa lauyoyin kamfani nasa ne shi ma. Daga baya aka fitar da sababbin hannayen jari, aka kare kason kowa ban da nasa, ya zame daga kashi 34 cikin ɗari zuwa 0.03. Ba wanda ya fasa masa akwati. Sa hannunsa ne ya buɗe ƙofar. Wannan wurin ya sosa mini rai, don na san yadda mu ma muke jin nauyin ce wa aboki "bari in kai wa lauya ya gani", kamar faɗin hakan zargi ne.

Sai dai fim ɗin bai wanke Saverin fes ba, kuma a nan na ƙara yaba masa. Lokacin da Mark Zuckerberg ya koma garin Palo Alto a California ana aiki dare da rana, Saverin yana New York yana neman masu ba da talla, alhali Zuckerberg na ganin lokacin talla bai yi ba. Da ran Saverin ya ɓaci, sai ya rufe asusun bankin kamfani. Ba su taɓa zama sun tsai da magana kan yaushe za a fara neman riba ba, ko wane ne zai riƙe wane aiki. Ta wannan tsagar Sean Parker, wanda ya zama shugaban kamfanin na farko, ya shigo.

Tagwayen Winklevoss kuwa, ɗaliban Harvard da suka kai Zuckerberg ƙara, dabara ce da su, suka damƙa masa ya gina, suka zauna jiran saƙon imel. Sun sami sulhu na dala miliyan 65, amma kamfanin ya riga ya tafi.

A kalla da lura. An ƙara wa labarin gishiri: budurwar da aka buɗe fim ɗin da ita ƙirƙirarriya ce, shi kansa Zuckerberg ya musanta cewa don a burge mace ya kafa shafin. Akwai wuraren shaye-shaye da sharholiya da ba su dace a kalla da yara ba. 'Yan wasan kuma suna magana da sauri ƙwarai, musamman Jesse Eisenberg da ya fito a matsayin Zuckerberg, don haka a kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, in ba haka ba bayanin rabon hannun jarin zai wuce mutum bai kama ba.