Shiga irin ta tsofaffin zane-zanen Turai: a sayi bugaggiya ko a kai wa tela?

A gidan tarihin Mauritshuis da ke birnin Hague na ƙasar Holan akwai wani ɗan ƙaramin zane da Johannes Vermeer ya yi wajen shekarar 1665. Yarinya ce ta waiwayo, ta ɗaura shuɗin ƙyalle a ka, wani rawaya ya zubo mata ta baya, ga ɗan kunne guda yana sheƙi. Tsawon zanen santimita 44 da rabi ne kacal. Ko ba ki san sunan mai shi ba, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da hoton a waya ba, kuma da yawa daga cikin masu son yin shiga irin ta tsofaffin zane-zane da shi suke farawa. Dalili a fili yake, kai a rufe, wuya a rufe, launi uku ko huɗu ne gaba ɗaya. Abin da ke rage shi ne inda za ki zuba kuɗinki, domin hanyoyin sun fi ɗaya, kuma ba duka ne suka cancanci wahalar ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen rigar da aka buga hoton zanen kansa a jikinta. Shagunan intanet cike suke da su, musamman taurarin daren Van Gogh na 1889 da gwal-gwal ɗin Klimt, tunda masu zanen sun daɗe da rasuwa, kowa na iya bugawa ba tare da ya biya kowa ba. Manyan kamfanoni ma sun shiga harkar: a 2017 Louis Vuitton ya fitar da jakunkuna masu hoton zanen Da Vinci da Van Gogh, a 2018 kuma Vans ya yi takalma tare da gidan tarihin Van Gogh na Amsterdam. Sai dai wanda zai zo hannun yawancinmu ba irin wancan ba ne. Mai arahar kusan duk a kan yadin roba ake buga shi, saboda shi ne ke riƙe irin wannan tawadar. Ki sa shi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, kafin azahar za ki ji kamar an naɗe ki cikin leda. Ga shi zanen da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, idan aka ja shi ya cika doguwar riga sai ya dusashe, ɗinkin gefe kuma ya raba hoton biyu a inda ya ga dama. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma batun da mai saye a wajenmu ba za ta tsallake ba. Idan zanen na mutum ne, kin ɗauki fuskar wata a ƙirji, kuma mutane da yawa ba sa yarda su yi salla da kaya mai hoton abu mai rai. Kenan kin sayi rigar da sai kin cire ta sau biyar a rana, ko ki riƙa lulluɓe ta. Ni a ganina bugaggen kaya wuri ɗaya yake da amfani, wato mayafi ko ɗankwali mai zanen furanni. Misali mafi kyau shi ne reshen itacen almon mai fararen furanni a kan shuɗin sama, wanda Van Gogh ya zana a watan Fabrairun 1890 don murnar haihuwar ɗan ƙaninsa Theo. Mayafi mai wannan zane a kan farar doguwar riga, a je da shi gidan suna, ya zauna daram. A nan ma ki nemi na auduga ko siliki, ki kuma juya bayansa ki ga ko launin ya ratsa, don mai fari fat a baya yana tona kansa da zarar iska ta ɗaga shi.

Hanya ta biyu, wadda na fi tsayawa a kanta, ita ce ki bar hoton a inda yake, ki ɗauko launinsa da nauyin yadinsa da yadda ya zuba a jiki, ki kai wa tela. A nan kuɗi yake yin aiki, a nan kuma ake yin kuskuren da ya fi tsada, domin ba kowane zane ne yake juyuwa ya zama kayan sawa a ƙasa mai zafi ba.

Ɗauki zanen Jan van Eyck na 1434 da ke babban gidan zane na Landan, na attajiri Arnolfini da matar da ke tsaye kusa da shi. Koriyar rigarta tana ɗaukar ido, ga farin mayafi mai tattara a baki, ga hannun shuɗiyar rigar ciki yana leƙowa. Amma ulu ne mai kauri, an yi masa shafi da gashin dabba, kuma yadin ya yi yawan da sai da ta tattaro shi a gabanta, har mutane ke zaton ciki gare ta. Idan kika ce sai kin kwaikwayi nauyin, karammiski za a yanko miki, shi kuwa in ba cikin sanyin Disamba da Janairu ba, ko zauren biki mai na'urar sanyaya ɗaki, azaba ne. Mafita ita ce koriyar shadda mai ɗan nauyi, a ɗinka ta bubu mai faɗi da tattara a ƙarƙashin ƙirji, a bi bakin hannu da farin yadi a madadin gashin, a sa shuɗiyar riga mai dogon hannu a ciki. Ki ƙara yadi a kan abin da kika saba saye. Bubun da aka yi wa rowar yadi ba zai ba da wannan zubin ba ko da launin ya dace.

Na Vermeer ya fi kowanne sauƙin kuɗi, amma shuɗinsa ne ke ba da wahala. Vermeer ya samo shi daga wani dutse mai tsada da ake haƙowa a tsaunukan Afganistan a niƙa, shuɗi ne mai haske da ke ɗan karkata zuwa ruwan bula. Na sha jin ana cewa a tafi marinar Ƙofar Mata a Kano a rino shi. Baba yana da kyau, sai dai shuɗinsa daban ne, yana tafiya wajen duhu, kuma sabon rini yana barin shuni a goshi. Abin mamaki, binciken da aka yi wa zanen ya nuna akwai baba a cikinsa, amma a bango ne, inda aka haɗa shi da wani rinin rawaya aka yi koren labule wanda yanzu ya rine ya koma kamar baƙi. Don haka idan kina son ɗankwalin ya yi kama da na yarinyar, nemi siliki ko auduga mai laushi a Kantin Kwari, yadi ɗaya shuɗi, yadi ɗaya ruwan ɗorawa mara kaifi. Idan kuwa kin fi son abin ya zama naki, ki je marina ki ce a rage tsomi don ya fito da haske, ki kuma wanke shi shi kaɗai sau da yawa kafin ya taɓa wancan rawayan. Rigar ruwan ƙasa ce mai farin wuya, kowane tela zai iya. Ɗan kunnen kuma kada ki kashe masa kuɗi. Masana da yawa suna shakkar ma lu'ulu'u ne na gaske, ya yi girma da yawa, kuma ɗigon farin fenti ne kawai, ko maƙalinsa ba a zana ba. Na gilashi mai siffar ɗigon ruwa ya wadatar.

Mai shirin biki kuwa Klimt take nema, ko ta sani ko ba ta sani ba. Zanen wata mata mai suna Adele Bloch-Bauer da ya gama a 1907 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya da ganyen zinare na gaske ya yi shi, bayan ya je Ravenna a Italiya a 1903 ya ga adon bangon tsofaffin majami'u. A 2006 attajirin Amurka Ronald Lauder ya saye shi a kan dala miliyan 135, yanzu yana New York. Jarabar da ke cikinsa ita ce a sayi leshi mai ƙyalli daga sama har ƙasa, a ƙara duwatsu, a ƙara sarƙa. Ki sake kallon zanen da kyau. Gwal ɗin kala-kala ne, wani mai sheƙi, wani dusasshe kamar tagulla, an tsarga shi da baƙi da azurfa a cikin ƙananan siffofi masu kusurwa uku da masu kama da ido. Shadda ruwan zuma da aka yi wa aikin zare baƙi da ruwan gwal a gaba da bakin hannu ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba, kuma za ki sake sa ta bayan biki. Siffar rigar ma ta dace da mu, don aminiyar Klimt, Emilie Flöge, wadda ta buɗe shagon ɗinki da 'yan'uwanta mata a 1904, da sakakkun riguna marasa matse ƙugu aka san ta. Tsakanin aikin inji da surfanin hannu, na inji ya fi araha da sauri, kuma ya ishi waɗannan siffofi masu miƙaƙƙun layuka. Na hannu sai in murɗaɗɗun zobban kike so su fito da rai, ki kuma ba mai aikin lokaci, kada ki kai masa ana saura mako guda.

Wanda ya fi yaudara shi ne zanen Mondrian, wani mai zane ɗan ƙasar Holan. Farin fili, baƙaƙen layuka, murabba'in ja da shuɗi da rawaya, babu mutum babu dabba. Yves Saint Laurent, mai tsara kayan sawa na Faransa, ya mayar da shi riga a 1965, kuma sirrin rigar shi ne ba bugu aka yi ba, kowane launi ƙyallensa daban aka yanka aka haɗa, aka ɓoye siffar jiki cikin layukan ɗinkin. Tasa gajera ce mara hannu, amma tsarin yana hawa doguwar riga ko abaya ba gardama. Kuɗin yadinta kaɗan ne, guntaye ma sun isa. Kuɗin yana wajen tela. Layi ɗaya ya karkace, kowa zai gani daga nesa. Dole yadukan su zama iri ɗaya a nauyi, in ba haka ba ɗinkin ya tattare bayan wanki na farko, kuma dole a jiƙa jan da baƙin tun kafin a yanka, don idan suna zuba farin ya tashi daga aiki. In telanki bai taɓa haɗa irin wannan ba, sa shi ya gwada a kan jaka ko rigar yarinya tukuna.

Gwanjo fa? Yana da rana, amma a ƙananan abubuwa: falmaran na karammiski, farar riga mai leshi a wuya, ɗankwalin siliki. A Ƙofar Wambai za a iya dacewa da su a kuɗi kaɗan. Ba a dai zuwa gwanjo da zane ɗaya a rai, sai dai ki samo abu, ki dawo ki nemi zanen da ya yi kama da shi.

Ko wacce hanya kika bi, hoton da za ki riƙe a hannu yana da muhimmanci. Wanda ya zaga WhatsApp sau goma launinsa ya riga ya canza. Gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam ya saki hotunan kayansa masu inganci kyauta tun 2012, na Metropolitan da ke New York ya bi sahu a 2017, sauran ma galibi suna da hoton a shafinsu. Sauko da shi daga can, ki rage hasken waya, ko ki buga shi a takarda mai kyau. A kasuwa kuma roƙi mai shago ya bari ki fito da yadin bakin ƙofa, domin fitilar shago tana mayar da ruwan zuma gwal, ta mayar da kore shuɗi. Wajen tela kada ki miƙa masa hoton ki ce "irin wannan", zai ɗinka miki abin da ya fahimta. Ki nuna masa abu uku da kike so daga ciki, misali faɗin hannu, inda tattara ta fara, da launin da zai bi wuya, sauran ki bar shi a kan ɗinkin da ya saba yi miki.

Maza ba su da yawan zaɓi a zane-zanen Turai, sai mai sha'awar matsattsen wando da hular gashi. Amma akwai guda ɗaya da ya zo daidai. A 1733 William Hoare ya zana Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatani mai ilimi daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, wanda aka kama aka sayar bawa zuwa Maryland a Amurka, ya samu kuɓuta ya biyo ta Landan kafin ya koma gida a 1734. Shi ya nace a zana shi cikin kayan ƙasarsu, ya kwatanta wa mai zanen su da baki: farar riga, farin rawani a kan jar hula, da Alƙur'ani cikin jar gafaka rataye a wuya. Hukumar gidajen tarihi ta Katar ce ta sayi zanen a 2009. Wannan shiga ba ta buƙatar komai daga waje. Farin boyel mara aiki ya fi gezna mai sheƙi dacewa, sai jar dara, sai 'yar jakar jar fata daga wajen dukawa a kasuwar Kurmi. Rawanin ne kawai abin lura, tunda a wajenmu yana da masu shi. Saurayin da ba malami ba, ba kuma a naɗa shi komai ba, gara ya tsaya a kan darar, ya yafa farin ƙyallen a kafaɗa.