Jarka mai famfo ta lita 20: ta biya kuɗinta

Na sayi jarkar nan ne saboda motar da muke haya a nan Jamus idan yara sun sami hutu, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Tankin ruwanta na cin lita 100, amma cika shi kafin a hau titi ganganci ne. Kowace lita kilo ɗaya ce, lasin tuƙi na ƙananan motoci kuwa a kilo 3,500 ya tsaya. Ga mutum biyar, ga kekuna, ga tukunyar gas, ga buhun shinkafar uwargida da ba ta yarda a bari a gida. In 'yan sanda suka ɗora ka a sikeli suka ga nauyi ya wuce ƙa'ida, tara ce.

Shi ya sa nake zuba kamar lita 30 a tanki don wanke-wanke da banɗaki, sai mun isa masauki in cika. Jarkar kuma ta sha da girki ce kawai, don ban yarda da ruwan da ya kwana a tankin motar haya ba.

Robarta na da kauri, ba ta sa wa ruwa wari, bakinta kuma hannu na shiga a wanke. Famfon yana zubo ruwa siriri, daidai alwala ba ɓarna.

Aibinta ɗaya: in ta kwanta a gefe, murfin yana ɗiga. A tsaye nake ɗaure ta bayan kujera. Kuma a cike, ɗaukarta sai babba.