Ɓeran Rag1 na Jackson Laboratory: amfaninsa da inda yake gazawa

Mai son ganin yadda ƙwayar gado guda ɗaya ke riƙe da ginin garkuwar jiki da wuya ya samu abin aiki da ya kai ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon Rag1. Jackson Laboratory da ke Bar Harbor, a jihar Maine ta Amurka, na sayar da shi da lamba 002216, a kan tsatson C57BL/6J. Mombaerts da abokan aikinsa ne suka samar da shi a ɗakin binciken Tonegawa a 1992.

Furotin ɗin Rag1 da Rag2 su ne almakashin da ke yanka DNA domin a ɗinke gutsattsarin V, D da J, waɗanda da su ƙwayoyin garkuwa na T da B ke gina abin da suke gane maƙiyi da shi. Idan babu yankan, girman ƙwayoyin ya tsaya. A taimus, gaɓar da ƙwayoyin T ke girma a cikinta, suna maƙalewa a matakin DN3, suna ɗauke da alamar CD25 a jikinsu amma babu CD4 ko CD8. A ɓargo kuma ƙwayoyin B ba sa wuce matakin pro-B, shi ya sa ba a samun antibodi a jini. Nan ne ya yi wa ɓeran SCID, wani ɓeran mai raunin garkuwa, fintinkau, domin SCID yakan fitar da 'yan ƙwayoyin T da B idan ya manyanta, kuma ba ya jure radiyeshin saboda gyaran DNA ɗinsa ya samu matsala. Na Rag1 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli biyu.

Idan ɓerayen suka iso, a bar su su huta kamar mako guda. Sannan a ɗebi ɗigon jini a duba CD3 (alamar ƙwayoyin T) da CD19 (alamar ƙwayoyin B) a na'urar FACS mai tantance ƙwayoyi, don a tabbatar babu su. Kada a dogara da B220 kaɗai, wata alamar ƙwayoyin B, domin wasu ƙwayoyin da ba B ba ma suna ɗauke da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ɓeran a matsayin fanko. Ƙwayoyin NK da makrofaj, wasu ƙwayoyin garkuwa da ba sa buƙatar Rag1, suna nan daram, kuma NK na iya kashe ƙwayoyin da aka dasa idan tsatso bai dace ba. Ƙwayoyin T da aka zuba masa kuwa suna tarar da fili, sai su hau hayayyafa ba tare da wani ya tsokane su ba. Ƙwayoyin T masu CD4 da yawan alamar CD45RB guda 400,000 zuwa 500,000 sun isa su haddasa kumburin hanji cikin mako 5 zuwa 8. Ga mai nazarin ciwon hanji wannan riba ce, ga mai wani binciken kuma ɓarna ce.

Kiwonsa akwai tsada: keji mai tace iska, da abinci, ruwa da shimfiɗa da aka turara a otokilef, na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, domin ƙwayoyin cuta irin su Pneumocystis da Helicobacter hepaticus ba sa raga masa. Wajen kwatance a yi amfani da C57BL/6J mai lamba 000664, ba tsatson C57BL/6N ba, saboda bambancinsu a ƙwayar gadon Nnt. Mafi kyau ma 'yan ciki ɗaya, don bakteriyar hanjinsu ta zo daidai.