Irssi da rabon saƙonni a tagogi: ya biya kuɗin sabulu

Ɗalibin kwamfuta a ATBU Bauchi da ke neman taimako a zaurukan Libera.Chat, wata cibiyar hira ta intanet, ya san matsalar nan: ka jefa tambaya, netwok ya ɗauke, ka dawo, amsar ta nutse cikin "wane ya shigo, wane ya fita". Irssi, manhajar IRC (tsarin hira da rubutu a zauruka ta intanet) da Timo Sirainen ɗan ƙasar Finlan ya fara a 1999, tana da maganin wannan. Kyauta ce, ba ta cin data, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta.

Kowane saƙo a Irssi yana da mataki: MSGS na sirri, PUBLIC na zaure, JOINS na shiga, PARTS da QUITS na fita, HILIGHT na inda aka ambaci sunanka. Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Sai mutum ya buga /window level JOINS yana jiran shige-shigen su koma sabuwar taga, shiru kake ji. Dalili kuwa, Irssi tana fara duba ko zauren yana da tagarsa. In akwai, can saƙon zai tafi, matakin taga sai saƙon da ba shi da masauki. Ana iya juya wannan tsari da /set window_check_level_first ON, ko kuma a yi amfani da sikirif, wato ɗan ƙaramin shiri a yaren kwamfuta na Perl.

Mafi sauƙi shi ne hilightwin.pl. Ajiye shi a ~/.irssi/scripts/autorun/, ka sake kunna Irssi, sannan ka buga /window new split, /window name hilight, /window size 6. Layi shida a saman allo, duk wanda ya kira sunanka a kowane zaure nan za ka gan shi. Kada ka manta /layout save da /save, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ka koma gidan jiya.

Mai son rubuta nasa zai kama siginar "print text", ya duba matakin saƙon, ya nemo tagar da Irssi::window_find_name, ya buga a ciki. Ramuka biyu ne a hanyar. Bugawar da kanta tana sake tayar da siginar, saboda haka in ka buga da matakin da kake tacewa, sikirif zai yi ta kiran kansa har manhajar ta ƙame. Yi amfani da MSGLEVEL_NEVER a matsayin matakin bugawar. Na biyu, Irssi tana ɗaukar alamar % a matsayin umarnin launi, sai ka ninka ta zuwa %% kafin bugawa, ko rubutun mutane ya fito a gurguje.

Inda ta gaza a fili yake: bayananta a warwatse suke, kuma wanda bai taɓa Perl ba zai sha gumi a makon farko. WeeChat, wata manhajar IRC, ta fi ta sassauci a nan, tunda tana karɓar Python. Wanda hayaniyar shiga da fita kaɗai ta dama, /ignore #zaure JOINS PARTS QUITS ya ishe shi, ba sai ya taɓa sikirif ba.