Zoɓon gora ko busasshen zoɓo: wanne ya dace da ƙaramin jari?

Hajiya, kin ce kina da ɗan jari kuma kin rasa wanda za ki kama: haɗa zoɓo da kunun aya ki dura a gora, ko sarin busasshen zoɓo da kaka ki ajiye sai ya yi tsada. Zoɓon ɗaya ne, amma sana'o'in ba su haɗa hanya ba.

Na gora kullum kuɗinsa juyawa suke. Ki dafa da asuba, kafin la'asar kuɗinki sun dawo. Lokacinsa zafin Maris zuwa Mayu ne, da watan azumi, da biki da suna. Da hunturu ya kama sai ciniki ya ja baya. Kuma ba zoɓon ke cin riba ba, sukari ne da gora da sanyi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, tayar da janareta saboda firiza ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, shi ya sa masu hali suka koma firizar sola, sauran kuma suna sayen ƙanƙara. Kunun aya ya fi tsada a gora, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. A ɗauke wuta na wasu awanni ya yi tsami, ayarki da dabinonki da kwakwarki duk sun tafi. Zoɓo yana ɗan jurewa. Ranar da kika so shiga manyan kantuna kuwa, lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, za su fara tambaya, ita kuma sai kin yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma kina da wurin aiki da za a zo a duba.

Busasshen zoɓo kuɗi barci suke yi a cikinsa. Ana cire shi wajen ƙarshen shekara a Jigawa da Kano da Katsina da ƙetaren iyaka a Nijar, ya taru a kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau. Manyan masu saye waje suke fitar da shi, musamman Meksiko, inda suke shan sa kamar mu. Saboda haka farashinsa yana bin dala da buƙatar ƙasashen waje, ba zafin garinku ba. Meksikon ma ta taɓa dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwaron da aka samu a ciki, masu kaya a sito suka ji a jikinsu. Ga danshi da ke dusar da launi, ga ƙasa da tsinke da ake cusawa a tsakiyar buhu. Wanda bai san kaya ba, dillali ne zai ci ribarsa.

Ni dai a ganina, in jarin bai kai ki sayi buhuna masu yawa ki manta da su wata biyar ko shida ba, ki kama na gora. Ki fara da zoɓo, kunun aya kuwa sai wanda aka ba ki oda. Idan kaka ta yi, ki sayi buhu ɗaya ko biyu na busasshen, ki ɗora a kan katako a ɗaki marar danshi. Da shi za ki dafa lokacin zafi da azumi a farashin kaka, in ya ragu kuma ki sayar wa maƙwabta da kwano.