Na'urar busar da kayan miya: abin da na gani bayan rani ɗaya da damina ɗaya

A watan Fabrairu na saye ta, lokacin da tumatir ya cika kasuwar 'Yan Kaba ta Kano har masu kwanduna ke kiran mutum ya zo ya taya. Duk wanda ya bi hanyar Zariya a irin wannan lokaci ya san abin da nake faɗa. Daga Kura zuwa Kadawa har Kwanar Gafan kwanduna ne jere a bakin titi, albarkacin ruwan madatsar Tiga da ke shayar da gonakin rani tun shekarun 1970. Wata biyu zuwa uku ana wadaƙa, sannan zafi ya tsananta, ruwa ya sauka, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ban manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, muka koma tumatirin gwangwani da na leda har yara suka daina marmarin miyar dage-dage.

Kauɗar kasuwa tana fitar da mutum kunya, ban raina ta ba. Amma na gaji da wanki uku, wanki huɗu, a ƙarshe kuma haƙori ya gamu da tsakuwa. Mafi yawanta a ƙasa ake shanyawa, ƙurar hunturu ta bi ta kanta, ƙuda ya sha rabonsa. Wannan ne ya sa na rufe ido na sayi na'urar.

Ga yadda take: zagayayya ce, faɗinta kamar na madaidaicin faifai, tana da tire biyar na roba masu ramuka da ake ɗora wani kan wani. A gindinta akwai abin ɗumama iska da 'yar fanka, sai maɓallin murɗawa daga digiri 35 zuwa 70. A jikinta an rubuta wat 350. Shi ke nan. Ba ta da agogon kashe kanta, kuma wannan shi ne abu na farko da zan ce a duba kafin a biya kuɗi.

Zubin farko asara na yi. Na yanka tumatir da kauri, na cika tire biyar taf, na kunna da la'asar. Wajen ƙarfe tara na dare aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai hantsi. Da na ɗaga murfin, warin tsami ne ya fara tarbata. Tumatirin ya yi laushi, ya tsatso ruwa, ya ɗiga har kan fankar. Ranar na ji zafi ƙwarai, don rabin bokitin fenti ne ya tafi bola. Mai shagon bai ce mini uffan ba game da wuta, alhali shi ne abu mafi muhimmanci. Tumatir wajen kashi 94 cikin ɗari ruwa ne, kuma idan ya ɗauki ɗumi aka bar shi a rufe ba iska, lalacewa yake yi da sauri fiye da wanda ke cikin kwando.

Daga nan na koyi hanya. Nakan zaɓi tumatir mai tsoka, dogon nan mai tauri, in yanka shi kamar rabin kaurin ɗan yatsa, in matse 'ya'yan, in jera ba tare da wani ya hau wani ba. A digiri 60 yana ɗaukar awa goma zuwa goma sha biyu. Tiren ƙasa ya fi saurin bushewa, saboda haka duk bayan awa uku sai na sauya musu wuri. Da safe nake kunnawa yanzu, a kan solar gidan, lokacin da rana ke cika batir. Wanda ke kan mita mai kati ya lissafa: wat 350 na awa goma bai wuce yunit uku da rabi ba, galibi ma bai kai ba, tunda tana katsewa da kanta idan zafin ya kai. A janareta kuwa kada ma a fara, kuɗin mai ya fi kuɗin tumatirin.

Abin da ya fito ya burge ni. Ja ne wur, kamar an shafa masa mai, ba baƙi-baƙin nan na kauɗar rana ba. In na jiƙa shi a ruwan zafi na minti ashirin na markaɗa, ko kanwa ba na sawa, don tsaminsa kaɗan ne. Ni mai son ɗaukar hoton girki ce, ina sawa a Instagram da Facebook, kuma launin nan ya sauƙaƙa mini aiki. Na zuba shi a sabuwar ƙwarya, na ajiye kan tabarmar kaba kusa da tagar gabas da misalin ƙarfe takwas na safe, na kashe ƙwan ɗaki, ban kunna fitilar waya ba. Hasken ya ratsa yankakken tumatirin har ana ganin jijiyoyinsa. Ban taɓa hoton da komai ba, amma mutum uku suka tambaye ni ko na ƙara masa kala.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: a rani na'urar nan ba ta da wani babban amfani ga mai son tanadin shekara. Tire biyar ba sa cin fiye da kilo biyu da ɗoriya, kuma abin da zai fito bai cika kwalbar bama biyu ba. Kwando guda sai ya ci mako biyu, kafin nan na ƙasa ya ruɓe. Ranar Maris a Kano kyauta take, ta kuma fi ta ƙarfi. Sauran kwandon a kan rufin ɗaki na shanya shi, a kan buhu mai tsabta, na lulluɓe da tsohon gidan sauro.

Da damina ta kankama ne na gane abin da na saya. Watan Agusta kuɓewa ta yi yawa, zogale ya yi lif, ga yakuwa, ga rama, ga alayyahu, amma babu ranar shanya. Kina baza kuɓewa hadari zai taso, ki kwashe, gobe ki sake bazawa, jibi ki tarar ta yi fumfuna ta yi baƙi. A na'urar, awa bakwai a digiri 55 ta bushe ƙayau, kuma koriyarta na nan. Na daka ta a turmi, na kaɗa miya da daddawa da ɗan busasshen kifi, yauƙinta ya kusa na ɗanya. Zogale kuma a digiri 40 nake barinsa, awa uku zuwa huɗu. Dama iyayenmu a inuwa suke shanya shi don kada rana ta ƙone ganyen, to wannan inuwa ce mai iska wadda ruwan sama ba ya shiga. Matsalarsa ɗaya, ramukan tiren sun yi faɗi, ganye na zubowa ƙasa idan ya ƙanƙance. Yadin gidan sauro na yanka daidai tiren na shimfiɗa, magana ta ƙare.

Attaruhu kuwa a fitar da na'urar tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Na gwada a kicin sau ɗaya, gidan gaba ɗaya ya ɗauki tari da atishawa. Albasa ma warinta na kama robar har kwana biyu. Kilishi na gwada sau biyu: naman yana bushewa da kyau a digiri 70, labu yana kama shi, amma sai an kai shi kan garwashi kafin ya zama kilishi.

Hutun ƙarshen zango muka tafi Jos wajen surukata. Hanyar Kwanar Dangora muka bi, ta Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka fita Saminaka da Jingir. Da can irin wannan tafiya da ɗanyen kaya nake yinta, mu isa rabi ya dame a bayan mota. Wannan karon jaka ɗaya ta ɗauke komai: kwalba huɗu na tumatir, garin kuɓewa, zogale, da ledar busasshen mangwaro da na yi tun Afrilu na ɓoye. Mangwaron shi ya riƙe mini yara a hanya. Autata ta ƙi biskit, tana ta tsotsar yanka ɗaya tun daga Doguwa har ta yi barci da shi a hannu.

Jos a Agusta sanyi ne da yayyafi ba ƙaƙƙautawa, garin yana kan tudu sama da mita 1,200, wanki ma sai ya kwana biyu a igiya. Washegari na yi tuwon masara da miyar kuɓewar. Hajiya ta kai loma biyu, ta ɗago ta ce, "'Yar nan, ina kika samo busasshiyar kuɓewa mai kyau haka a tsakiyar damina?" Na ce, "Hajiya, ta makon jiya ce, a gida na busar." Ta sa aka kawo mata kwalbar, ta buɗe ta shinshina, ta murza garin a tafin hannu tana duba ko akwai yashi. Babu. Ta ce a bar mata sauran, kuma in dawo da na'urar in za mu sake zuwa, don kasuwar Farin Gada cike take da karas da koren wake da kabeji, ba ta da yadda za ta adana su.

Bayan wata bakwai tire ɗaya ya tsage daga gefe, wajen wanki, robar ba ta da ƙwari. Na koma shagon, suka ce ba a sayar da tire shi kaɗai. Ƙarar fankar ma tana damun mai saurin farkawa, shi ya sa ba na barinta kusa da ɗakin kwana. Da zan sake saye, mai tiren ƙarfe zan nema, mai fanka a baya ba a gindi ba, mai agogo kuma, ko da ta fi tsada.

Yanzu da tire huɗu nake aiki. Yau da safe na zuba yakuwa a biyu, kuɓewa a biyu, ta Hajiya ce, direban da zai kai mata saƙon jibi zai tashi.