Gidan abincin da muka kai Inna a Wudil ranar da kati ya ce ta cika tamanin

Inna ba ta san ranar da aka haife ta ba, kuma abin bai taɓa hana ta barci ba. In ka tambaye ta shekarunta sai ta ce tana tallar fura aka yi ta labarin Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956, aka kuma kai ta ɗaki shekarar da aka samu mulkin kai. Masu katin ɗan ƙasa ne suka yanka mata 1 ga Janairu, 1945, kamar yadda suke yanka wa yawancin tsofaffin ƙauye. A lissafinsu ta cika tamanin a farkon 2025.

Ƙanwata da ke aure a Kano ce ta taso da maganar a yi mata wani abu. Kawu ya ce shi bai gaji bikin ranar haihuwa ba, ba kuma da shi za a fara ba. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan walimar godiya: ba kek, ba kyandir, ba waƙa, a ci abinci a yi addu'a a tashi. A gida kuwa ba zai yiwu ba. Inna ba za ta zauna ba, tana bakin murhu tana faɗan an cika wa miya ruwa, kuma a garinmu ba a gayyatar mutum cin abinci, hayaƙi ne ke gayyato shi. Mu goma sha ɗaya muke so, ba unguwa guda ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Garko, don haka Wudil ce kusa. Kano da ƙarin tafiyar kusan kilomita arba'in, bayan Inna ba zai ɗauka ba. Ni aka ɗora wa neman wuri, kuma sharaɗin farko shi ne shiru. Kunnenta na hagu ya yi nauyi. In ku biyu ne a ɗaki tana jin ka sarai, amma da an samu wata ƙara a gefe sai maganganu su cakuɗe mata, ta koma gyaɗa kai tana murmushi, kai kana tsammanin hira kuke yi alhali ta daɗe da fita.

Wuri uku na duba. Na farko a bakin babban titin Kano zuwa Maiduguri yake, kusa da gada. Abincinsu ba laifi, na ci, amma kowace tirela ta wuce sai cokali ya yi rawa a faranti. Na biyu shi ne wanda kowa ya yi min kwatance, mai tayil da na'urar sanyi da kujeru masu laushi. Da hantsi na fara zuwa, na same shi tsit, har na kusa ba da kafin alƙalami. Allah ya sa na sake biyowa da yamma. Janareto na ruri a jikin bango, talabijin na nuna ƙwallon Ingila, samari sun cika wurin ana musu kamar za a daku. Daga nan na ɗau darasi: wurin da za ka kai tsoho, ka je ka gan shi a daidai lokacin da za ku zo.

Na ukun wani mai shayi ne ya nuna min. Cikin unguwa yake, sai ka bar kwalta ka shiga lungu biyu. Gida ne wata Hajiya ta mayar da gabansa wurin sayar da abinci, da rumfa da benci na masu ci su tafi, sai wani ɗaki daga ciki mai labule da take ba masu zuwa da iyali. Wutar sola take amfani da ita, kuma wannan kaɗai ya raba gardama. Na ce mata, "Hajiya, tsohuwa zan kawo, ba ta zaman kujera, ba ta kuma cin abinci a gaban maza baƙi." Ta ce, "Ɗana, ai ni ma da tsohuwa a gida. Za a fitar da tebur a shimfiɗa darduma." Na roƙi a yi wa Inna tata tukunyar daban saboda hawan jini, gishiri kaɗan, ba dunƙule. Ta amsa.

Ranar ta faɗo Laraba, mun yi sa'a. Da Juma'a ce da na ɗaga, don ranar kasuwar Wudil motocin shanu da 'yan kara ba sa barin hanya, kuma duk mai abinci a garin hankalinsa na kan 'yan kasuwa. Sunan abin dai abincin dare, amma bayan la'asar muka isa, saboda sanyin hunturu da kuma komawa.

Abin da suka yi daidai sun yi shi sosai. Mota ta shiga har ƙofa, taku bai fi goma ba zuwa ɗakin. An share, an shimfiɗa darduma, an jingina matashi biyu a bango, an ajiye buta da ruwan ɗumi da roba don wanke hannu. Ruwan ɗumin nan ban roƙa ba, kuma shi ne abin da Inna ta fara yabawa. Maza muka zauna daga bakin ƙofa, mata suka kewaye ta.

Da aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe kowa ya yi shiru yana kallonta, don mun san hali. Ta danna malmalar da yatsa ta ga ta lotsa. Ta ɗago kwanon miyar ta shinshina, ta lakato kaɗan ta ɗanɗana, ta ɗan jima, sannan ta ce, "Daddawar kalwa ce, ba ta waken suya ba." Wanda ya san Inna ya san ta gama yabo ke nan. Kabewar ta narke, gyaɗar ta ji dahuwa, yakuwar ba ta yi tsamin da zai kashe haƙori ba. Tuwon kuwa an tuƙa shi da laushi, ba gudaji, irin wanda mai haƙora shida za ta ci ba tare da ta wahala ba. Na ce, "Amarya, yau dai an fi ki iya miya." Ta ce, "Kai da ba ka taɓa ba da kuɗin cefane ba, ina ka san miya?" Ta ji ni daga bakin ƙofa, ban ɗaga murya ba. Abin da na biya kuɗi dominsa ke nan.

Sai dai akwai inda suka gaza, kuma zan faɗa. Mun yi da su ƙarfe huɗu da rabi, abinci bai fito ba sai biyar da kwata, tsohuwa na zaune da yunwa don ta ƙi cin na rana. Maganar gishiri an kiyaye ta a miya, aka manta da ita a farfesun tarwaɗa, wanda shi ne muka fi ɗoki tunda kifin kogin garin ne. Ya yi daɗi, amma gishiri da yaji sun yi mata yawa, sai tsoka biyu ƙanwata ta ɓare mata ta ɗauraye a ruwan zafi. Naman miyar ma bai yi laushi ba, jikoki ne suka cinye. Zoɓon kamar an juye buhun sukari, ga sanyin ƙanƙara a cikin Janairu. Da na sani da fura na ce a dama. Babban abin da ya ɓata min rai shi ne bayi: dakalinsa dogo, ba abin dafawa, ba ƙwan fitila. Mata biyu ne suka riƙe ta, ɗaya na haska waya. Na gaya wa Hajiyar, ta ba da haƙuri ta ce za ta sa a gyara. Ban koma na gani ba tukuna.

Kuɗi bai yi tsada ba in aka kwatanta da na Kano, kuma ba ta caji ɗakin ba. A tafi da tsaba a hannu, don na'urar POS ɗinsu ta ƙi, sai da na fita titi na ciro.

Wurin ba shiru ne ɗungurungum ba. Ana idar da magariba almajiran wata tsangaya a bayan katanga suka hura wuta suka ɗau karatu. Na tashi zan sakaya taga, Inna ta ce in bari, wannan ba ƙara ba ce. A nan Kawu ya yi addu'a, ya ambaci Malam da sauran waɗanda suka riga mu, ta share ido da gefen mayafi.

Wanda ke da tsoho a wannan yanki, ina ba shi shawarar irin wannan wurin a kan mai tayil, amma ya je da fitilarsa, ya maimaita maganar gishiri a kan kowane kwano, ya kuma faɗa musu lokaci da ragin rabin awa. Da za mu fito Inna ta sa aka ƙulle mata sauran farfesun a leda, wai na maƙwabciyarta ne, ta kuma aike ni in tambayo Hajiyar a wace kasuwa take sayen daddawa.